Katakon Bakin Magudana

Shekara talatin da ɗaya mahaifina yana tsaron ruwa
a fadamar shinkafa ta Lagdo.
Babbar madatsar ta injiniyoyi ce.
Nasa katako ne, bai cika kamu biyu ba,
ya zura shi a bakin magudana, ruwa ya tsaya,
ya zare, ruwa ya bi kunya.

Yau yana kwance a asibitin Garwa,
gado na huɗu daga taga,
idonsa ya koma launin rawaya,
cikinsa ya ɗaga kamar ya haɗiye tulu.
Hanta ce, in ji takarda. Ciwon daji.
Ni na karanta masa ita,
ni da ya sayar da buhu goma sha biyu
don in koyi leƙa jini a madubin likita.

Ya ce, Hurera, bar yaren makaranta.
Faɗa mini, wa ya shigo mini?

Na ce, Baba, da sauƙi in baƙo ne.
Ƴan gida ne.

Kowace ƙwayar halitta a jikinka
tana da kundi a ƙuryar ɗaki, ba ya fita.
In ana son aiki, sai a kwafi layi
a ba ɗan aike ya kai wa magina.
Wani saƙon ya ce ku hayayyafa,
wani ya ce ya isa haka,
wani ya ce kin tsufa, ki mutu, ki ba wata wuri.

Amma a soro akwai wani ɗan zare,
RNA ne shi ma, ƙaramin cikinsu,
harafi ashirin da ƴan kai, iyakarsa ke nan.
Ba ya gina komai.
Yana jira ne kawai.
In ɗan aiken da ya dace da haƙoransa ya zo wucewa
sai ya maƙale masa a gefen riga,
saƙo ya mutu a baki,
wani lokaci har takardar a yage.
Shi ɗaya yana iya tare ƴan aike ɗari.

Baba ya rufe ido. Na ɗauka barci ne.
Fanka tana juyi, ba ta kawo iska.
A waje wani ɗan acaba yana rigima kan sefa ɗari biyu.

Ya ce, ci gaba.

Na ce, wani lokaci zaren ne yake ɓata,
mai cewa ku hayayyafa ya wuce ba mai ce masa kanzil,
ya dawo, ya sake wucewa.
Wani lokaci kuma zaren ne yake yin yawa,
ya tare wanda bai kamata ba,
ya shaƙe mai cewa ya isa haka.
Ko ta ina ka bi, gida ya cika, ya tsage.

Ya yi dariya, dariyar ta yi masa ciwo.
Ya ce, shekarar da aka sace mini katako
gonar Sambo ta zama tafki kafin asuba.
Shekarar da na manta shi a rufe
ta Inna Dudu ta ƙone tana kallon kogi.
Ashe har cikin mutum akwai mai irin aikina.
Ana biyansa?

Na ce, sai kwanan nan ma aka san yana nan.

Ya ce, haka muke.

Can ya tambayi abin da nake gudu:
to, akwai kafintan da zai sassaƙa mini sabo?
Na ce ana gwadawa, Baba, a wurare masu nisa,
wasu sun karye, wasu ana kan aunawa.
Ban ce ba zai iso mu ba.
Ya ji abin da ban faɗa ba, ya gyara matashi.

Bayan la'asar ya sa na kira masa Sale.
Muryarsa ta dawo ta bakin fadama:
magudana ta uku, kai yaro,
rabin katako, ba duka ba,
kuma ka tsaya a wurin har ka ga inda ruwan ya nufa.

Na sauka ƙasa da kwalbar jininsa a hannu.
Na rubuta sunansa a jiki, da kwanan wata.
Har yanzu da ɗumi.